'Yata kurma ce, kuma ba ta kallon abin da nake nuna mata

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Agege tare da maigidana da mahaifiyarsa. 'Yata shekararta ɗaya da wata 8, ita ce ta fari. Wata 2 da suka wuce aka yi mata gwaji a asibiti aka ce ba ta ji da duka kunnuwan biyu. Ni da babanta lafiyarmu ƙalau, kuma babu kurma a danginmu. Abin da ya fi damuna, in na nuna mata abu ba ta bin yatsana, in kuma ta kama wasa sai ta manta da kowa. Yaran gidan hayarmu sun daina nemanta. Hajiya ta ce yarinyar ba ta son mutane ne, wata maƙwabciya kuma ta ce ko otizim ne, wato lalurar da ke sa yaro ya sha wahalar cuɗanya da mutane. Shin kurumtar ce ta jawo haka? Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Aikina shi ne zama da iyayen ƙananan yara kurame, kuma abin da kika faɗa shi ne kukan da na fi ji daga bakin iyaye masu ji. Kurumta ita kaɗai ba ta sa yaro ya ƙi mutane. Abin da ya faru shi ne hanyar da kika saba bi wajen jawo hankalin yaro hanya ce ta kunne, ita kuwa 'yarki ta ido take karɓar saƙo. Kun shafe wata 20 kuna saɓani, kina aikawa ta inda ba ta jira, tana jira ta inda ba kya aikawa. Ba laifinki ba ne, domin duk wanda ya tashi yana ji haka zai yi. Amma gyaran a hannunki yake, kuma kina iya farawa yau.

Daga wajen wata 9 zuwa shekara ɗaya, yaro yakan fara wani abu da masana rayuwar yara suke kira haɗa hankali wuri guda. Zai kalli abu, ya kalli uwarsa, ya sake kallon abin, yana so ya tabbatar ita ma ta gani. Daga nan sai nuni da yatsa, sai kawo abu ya miƙa, ba don a gyara masa ba, don dai a gani tare. A kan wannan ake ɗora harshe. A shekarar 1986 Michael Tomasello da Michael Farrar sun nuna cewa yaran da iyayensu mata ke faɗin sunan abin da yaron ya riga ya sa wa ido sun fi tara kalmomi, idan aka kwatanta da waɗanda kullum ake janye hankalinsu zuwa wani abu daban kafin a faɗi suna.

Ki ɗauki jirgin sama da ke sauka a Ikeja, wanda kuke gani daga tsakar gida. Yaro mai ji idonsa na kan jirgin, kunnensa na wurin uwarsa. Tana cewa "ga jirgi!" kalmar ta same shi yana cikin kallo, ta manne da abin. Bai waiwayo ba, bai yi wani ƙoƙari ba. 'Yarki fa? In ta kalli jirgin, ba ta ga bakinki ba, ba ta ga hannunki ba. In ta kalle ki, jirgin ya wuce. Dole ta yi abin bi da bi: ta kalli abu, ta kalle ki, ta koma kan abin, kuma ta riƙe a ranta cewa abin da ta gani a fuskarki da hannunki game da wancan abin ne. Wannan jujjuya idon koyonsa ake yi, kuma yaro yana koyonsa ne idan duk lokacin da ya ɗago ya tarar da wani abu a fuskar uwarsa. Uwa mai ji takan gama faɗin abin da za ta faɗa tun yarinyar na sunkuye. Da yarinyar ta ɗago sai ta tarar an gama, fuska ta koma yadda take. In aka yi haka sau ɗari, sau dubu, sai ta daina ɗagowa. Haka kuma batun yatsa: kina nuni kina cewa "kalli can", amma "kalli can" ɗin bai isa gare ta ba, don haka ba ta ma san an yi nuni ba.

Dalilin da ya sa na ce miki da ƙarfin zuciya ba kurumtar ba ce, shi ne yaran kurame da iyayensu ma kurame ne. Su kaɗan ne, domin fiye da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kamar ku. Amma waɗannan kaɗan ɗin, da suka buɗe ido suka tarar ana maganar hannu a gida, ba a barin su a baya. A 1991 Laura Petitto da Paula Marentette a Kanada sun nuna cewa irin waɗannan jarirai suna yin gwaranci da hannu, kamar yadda masu ji suke "ba-ba-ba" da baki, kuma a kusan lokaci guda. Daga baya Rechele Brooks da Jenny Singleton da Andrew Meltzoff, a binciken da ya fito a 2020, sun gano cewa jarirai kurame 'ya'yan kurame sun ma fi takwarorinsu masu ji iya bin idon babba zuwa abin da yake kallo. Kunnensu ɗaya ne da na 'yarki. Bambancin kawai, iyayensu sun san yadda ake hira da ido.

Masu bincike a Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Amurka, irin su Patricia Spencer da Kathryn Meadow-Orlans, da kuma Margaret Harris a Ingila, sun daɗe suna ɗaukar bidiyon iyaye mata kurame suna wasa da 'ya'yansu. Abin da ya fi jan hankali shi ne yawan jiransu. Ba sa zuba magana kamar iyaye masu ji, amma kusan duk abin da suka faɗa yaron ya gani. Uwa za ta zauna ta zuba ido, hannunta a shirye, sai yaron ya ɗago da kansa ta saki maganar. In tana so ya kalle ta, ta ɗan taɓa kafaɗarsa ko cinyarsa, ko ta kaɗa hannu ta gefen idonsa. Wani lokaci ta kai hannunta kusa da abin wasan ta yi alamar a can, yadda zai ga abin da alamar a kallo ɗaya. Wani lokaci ta yi alamar a jikinsa, ko ta ɗauko abin ta kawo shi daidai kumatunta.

Ga yadda za ki gwada. Ku zauna a tabarma, ke a gabanta, fuskarki daidai da tata, haske na kan fuskarki ba a bayanki ba. A ce ta ɗauki cokali tana buga murfin tukunya. Kada ki karɓe, kada ki kawo mata wani abin. Ki ɗauki naki cokalin ki buga sau biyu kusa da nata, sai ki tsaya. Za ki ji kamar tsayuwar ta yi yawa, bakinki zai yi ta so ya yi magana. Ki daure. Da ta ɗago, ko da na ƙiftawar ido ne, ki buɗe fuska, ki ɗaga gira, ki yi alamar cokali ko ta bugawa, ki faɗi kalmar da baki, sannan ki mayar da idonki kan murfin don ta bi ki. Gajere, abu ɗaya. In ba ta ɗago ba, ki taɓa kafaɗarta sau ɗaya ki jira. In ta ƙi, ki ƙyale ta, wani zagayen na zuwa. Abu guda da nake roƙon iyaye su bari shi ne kama haɓar yaro a juyo da fuskarsa da ƙarfi. Yaran sun tsani wannan, kuma yana koya musu cewa kallon fuskar babba takura ce. Haka ma taɓawar banza: in kin taɓa ta ta waiwayo, lallai ta tarar da wani abu da ya cancanci waiwayen.

In za ki nuna mata abu na nesa, ki juya tsarin. Ki fara samun idonta, ki yi alamar abin, sannan ki yi nuni ki bar yatsanki a miƙe har ta gama kallo. Kada ki ƙara komai sai ta dawo gare ki. In ta dawo, ki maimaita alamar. Wanka, cin abinci, sa kaya, duk wuraren yin wannan ne, kuma sun fi a ware wata awa ta musamman da sunan darasi.

Akwai wasu al'adunmu masu kyau da suke buƙatar ɗan sassauci saboda ita. Na farko goyo. Yaro mai ji yana bayan uwarsa amma yana cikin hira, yana jin cinikinta a kasuwa, yana jin gaisuwarta da maƙwabta. Yarinya kurma a goye tana samun ɗumin jiki da natsuwa, amma ƙeya kawai take gani. Ban ce a daina goyo ba, aikin gida ba zai yiwu ba. Amma in kina yankan albasa ko wanki, ki zaunar da ita ta gabanki inda za ta ga fuskarki da hannuwanki. Na biyu alkunyar ɗan fari. Na san nauyin da mace ke ji ta zauna tana yi wa 'yar fari wasa da dariya a gaban uwar miji. Sai dai ita wannan yarinyar fuskarki ce muryarki a wurinta. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ita ba ta da wani wurin tambaya. In kin ɗaure fuska don kunya, kin yi mata shiru ke nan gaba ɗaya. Ki roƙi maigida ya yi wa Hajiya bayani, ko ku je da ita asibiti ta ji daga bakin ma'aikata. Sau da yawa kaka ce ke zama gwanar wannan aiki, don ta fi kowa lokacin zama, kuma wasan jika da kaka dama halal ɗinsu ne. Na uku, muna koya wa yara sunkuyar da kai in babba na magana. Ita sunkuyar da kai toshe kunne ne. A bar ta ta tsura wa manya ido, kuma a gaya wa baƙi ba rashin kunya ba ne. Sai batun wuta: in NEPA sun ɗauke, ku masu ji hirarku na ci gaba a duhu, ita kuwa an rufe mata komai. Fitila mai caji guda ɗaya a inda kuke zama da dare tana cikin kayan da take buƙata, kamar abinci.

Yanzu da wane harshe za ki cika wannan kallon? Alamomin da kuka ƙirƙira a gida, na ci da sha da zo da tafi, suna da amfani, amma ba su isa a yi hira da su ba. Tana buƙatar cikakken harshe. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun kaka da kakanni, Maganar Hannu, wadda wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano ta wallafa a shekarar 2000. Akwai kuma maganar hannu ta makaranta, wadda ake kira ta Najeriya, da ta samo tushe daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka kurma da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Wannan ta biyun ita ake amfani da ita a makarantun kurame na Legas, irin makarantar Wesley da ke Surulere. Tunda a Legas kuke kuma a nan za ta yi karatu, shawarata ku sa ƙarfinku kan ta makaranta. In kuma kun sami kurma Bahaushe da zai riƙa zuwa gida da Maganar Hannu, ku karɓe shi hannu bibbiyu. Yaro na iya ɗaukar biyu, kamar yadda yaran gidanku ke juya Hausa da Yarbanci da Turancin buroka.

Ki nemi babban mutum kurma, mace in so samu ne, ta riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako. Ki tambaya a makarantar kurame, ko ƙungiyar kurame ta ƙasa reshen Legas, ko hukumar LASODA mai kula da masu buƙata ta musamman a jihar, ko maigida ya tambaya a masallacin Juma'a. Bidiyon waya zai koya miki alamomi, amma lokacin da ake sakin alamar sai kin ga mai yi a gabanki. Kada ki jira sai kin ƙware. Hannunki mai tuntuɓe ya fi mata shiru nesa ba kusa ba. Kuma za ki ji masu cewa in ta koyi hannu ba za ta yi magana da baki ba. Ban yarda da wannan ba, kuma bincike bai nuna haka ba. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya wuce shekarunsa na farko ba shi da harshe ko ɗaya.

Wannan ya kawo ni kan zaman tare, wanda shi ne ainihin damuwarki. Wajen shekara 4 zuwa 5, yaro yakan gane cewa abin da ke ransa daban, abin da ke ran wani daban. Ana gwada haka cikin sauƙi: a ɓoye alewa a kwano a gaban yara biyu, ɗaya ya fita, a mayar da alewar aljihu, sai a tambayi wanda ya zauna, in ɗan'uwanka ya dawo ina zai duba? Wanda ya gane zai ce kwano, domin wancan bai ga an canza ba. A 1995 Candida Peterson da Michael Siegal a Ostireliya sun gano cewa yara kurame 'ya'yan masu ji suna makara sosai a wannan, wasu da shekaru. Binciken Brenda Schick da abokan aikinta na 2007 a Amurka ya nuna cewa kurame 'ya'yan kurame ba sa makara. Wani binciken na Mary Pat Moeller da ita Schick ɗin a 2006 ya nuna cewa gwargwadon yadda uwa mai ji ke iya yi wa ɗanta kurma zancen tunani da sani da zato da hannu, gwargwadon yadda yaron ke fahimtar zukatan mutane.

Dalilin a fili yake. Yaro mai ji yana tsintar halin mutane daga zancen da ba da shi ake ba. Yana jin Hajiya na cewa ta zaci an kai niƙa, yana jin Baba na ba da haƙuri ya manta, yana jin yadda kika rarrashi maƙwabciya bayan an yi faɗan famfo. Yarinya kurma tana ganin an yi dariya, an ɓata rai, an tashi an fita, babu wanda ya gaya mata me ya sa. Abin da ake yi mata da hannu kuma yawanci umarni ne: zo, bari, ci, kwanta. Daga nan ne mutane ke cewa kurma na da saurin fushi. Duk wanda ake yanke hukunci a kansa kullum ba tare da bayani ba zai yi fushi. Don haka cikin alamomin farko da za ki koya, bayan nono da ruwa da Baba, ki sa so, tsoro, murna, fushi, mantuwa, sani da rashin sani. In ta faɗi ta yi kuka, ki yi alamar zafi. In kin nemi makulli kin rasa, ki bari ta ga kina nema, ki yi alamar kin manta. In za ku fita, ki gaya mata ina, ko da nuna mata hoton wurin ne a waya. In an yi dariya a ɗaki, wani ya juya ya ba ta labarin a taƙaice.

Yaran gidan kuma sun daina nemanta ne don sun kira ba ta amsa ba. Ki tara su ki nuna musu a taɓa ta a kafaɗa, a tsaya ta gabanta, kada a fizgo ta ta baya. Ki koya musu alamomi biyar ko shida, ki ba kowa sunan hannu. Yara sun fi manya saurin ɗauka, kuma abin yana burge su. Ki fara su da wasan karɓa-karɓa, irin gangara ƙwallo tsakanin mutum biyu, wasan ɓuya, da tafa-tafa.

Batun otizim ba zan yanke hukunci daga nesa ba, kuma maƙwabciya ma ba ta isa ta yanke ba. Yaro na iya haɗa kurumta da otizim, amma sau da yawa rashin hanyar sadarwa ne ke kama da shi. Ki lura: in abu ya firgita ta, tana neman fuskarki? In kin yi murmushi tana mayarwa? Tana kwaikwayon salla ko shara? Tana kawo miki abu don ki gani? In tana yin waɗannan, hankalinki ya kwanta. In kuma kun yi wata 2 ko 3 kuna bin hanyar ido da gaske amma har yanzu tana kauce wa fuska, ba ta kwaikwayo, ki kai ta wurin likitan yara a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja. Ko ma mene ne, ki sa a duba idonta yanzu. Wasu abubuwan da ke jawo kurumta suna taɓa ido, kuma yarinyar da komai nata ta ido yake shiga bai kamata a yi sakaci da wannan ba.

Duk wannan ba ya hana neman na'urar ji. Ki koma sashen kunne, hanci da maƙogwaro ki tambayi zurfin kurumtar a kowane kunne, ki karɓi takardar sakamakon ki adana. In na'ura za ta taimaka, a sa mata da wuri, ta riƙa sawa duk lokacin da take farke. Akwai kuma wadda ake dasawa ta hanyar tiyata, mai tsada ƙwarai, da ke buƙatar horo na shekaru bayan aikin. Ko da ita, ana cire ɓangaren waje lokacin barci, batir na ƙarewa, kuma a hayaniyar tsakar gida ido ne zai ci gaba da taimaka mata. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, bayan binciken Christine Yoshinaga-Itano na 1998 a jihar Kolorado ya nuna amfanin ganowa da wuri. Kun wuce wannan lokacin, amma shekara ɗaya da wata 8 da sauran dama mai yawa, kuma mafi yawan yaran da ake kawo mini sun girme ta.

A nan Legas, tsakanin 2005 da 2006, Dakta Bolajoko Olusanya ta gwada jin jarirai kusan 2,000 a wuraren allurar rigakafin BCG, kuma aikinta ya nuna cewa ciwon shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke tafiya da kurumtar jarirai a garin nan. Akwai kuma sanƙarau, ƙyanda, wasu allurai masu ƙarfi irin gentamicin, da gado, wanda ke iya fitowa ko da iyaye da kakanni duk suna ji. Ki gaya wa likita duk abin da kika tuna na cikinta da haihuwarta da rashin lafiyar da ta yi. In Allah ya kawo ƙane ko ƙanwa, ki nemi a yi gwajin ji na OAE ko ABR cikin watan farko, kuma in idon jaririn ya yi rawaya a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙo ko shanya shi a rana.